Na kama aiki a wata jami'a a Jamus, amma zaman ya gagare ni

Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne daga Arewa. Na samu aikin bincike na shekara biyu a wata jami'a da ke arewacin Jamus, na kama aiki farkon Oktoba, yanzu muna tsakiyar Nuwamba. An sauke ni a masaukin baƙi na jami'a, aka ce wata uku kawai zan yi a ciki. Albashi bai shigo ba, guzurin da na zo da shi ya kusa ƙarewa. Duk ofishin da na je sai a ce in kawo wata takarda daga wani ofishin. Abokan aiki kowa ya rufe ƙofarsa, gaisuwa ma a tsaitsaye. Maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara bakwai da 'yar shekara uku, suna gida, kullum tambayarsu yaushe za su taho, 'yan'uwa kuma sun fara aiko da buƙatu. Wallahi wani lokacin ji nake kamar in tattara in koma. Ta ina zan fara?

Dakta M., daga Jamus

Wa'alaikumus salam, Dakta. Kada ka tattara tukuna. Yawancin abin da ka lissafa a rataye yake da abu guda: adireshin da hukuma ta rubuta da sunanka. Daga nan haraji yake tashi, daga nan banki, albashi, izinin zama, har bizar iyali. Wanda ya tsallake wannan ya nufi na gaba, zarya kawai zai yi ta yi tsakanin ofisoshi.

Ba ka faɗa mana ko ka yi rajistar mazauni ba, wadda suke kira Anmeldung. Doka ta ba da kwana 14 daga ranar da mutum ya tare. Idan ba ka yi ba, gobe da safe ka je wurin mai kula da masaukin baƙi ka karɓi takardar da ke tabbatar da cewa nan kake kwana, Wohnungsgeberbestätigung sunanta, kwantiragin haya ba ya maye gurbinta. Ka haɗa da fasfo ka kai ofishin rajista na gari. Idan ka duba intanet ka ga babu gurbi sai bayan wata guda, ka riƙa leƙawa da sassafe, lokacin ne ake sakin guraben da wasu suka fasa. Ka adana shaidar ranar da ka nemi gurbin, ita ce za ta kare ka idan aka yi maganar jinkiri. A fom ɗin akwai wurin addini. Harajin coci ne ya sa suke tambaya, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashi, kuma ba ya kan Musulmi. Duk da haka ka duba takardar albashinka ta farko ka tabbatar ba a cire maka shi bisa kuskure ba.

Kana dawowa ka sauka wurin akwatunan wasiƙa da ke bakin ƙofar ginin. Ka yanki 'yar takarda, ka rubuta sunan da ke layin sunan dangi a fasfonka, harafi da harafi, ka manna da salatif a kan akwatinka da kuma jikin ƙararrawa. Yawancin gidajensu ba su da lambar ɗaki, ɗan aike sunan dangi kawai yake nema, bai gani ba ya mayar da wasiƙar inda ta fito. Mu kuwa sunayenmu suna rikita su: a sashenku ana kiranka da sunan yanka, a fasfo sunan mahaifi ne ko sunan gari a matsayin sunan dangi. In kana shakka ka rubuta duka biyun. Ta wannan akwatin ne lambar harajinka mai lambobi 11 za ta zo, da katin banki, da lambar sirrinsa a wata ambulan daban, da katin inshorar lafiya. Duk wasiƙar da ta zo ka buɗe ta ranar, ka ɗauki hotonta ka fassara, ka nemo kwanan watan da aka gindaya. Wasiƙar da aka ajiye a kan tebur don ba a jin Jamusanci takan dawo da tara a bayanta. Cikin na farko da za ka gani akwai ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko da akwatin talabijin ko babu. Ka tambayi masaukin ko suna biya a madadinka kafin ka cika.

Yanzu albashi. Yawancin jami'o'in gwamnatin jihohi suna biya ne bisa tsarin da ake kira TV-L, ranar ƙarshe ta wata. Amma ana rufe lissafi tun kafin nan, kuma sau da yawa ofishin albashi na jiha ne ke biya, ba jami'ar da kanta ba. Idan lambar asusunka ta banki, ko sunan kamfanin inshorar lafiyarka, ko lambar haraji ba su isa da wuri ba, watan ya wuce ka. Ka rubuta wa jami'in ma'aikata da sunansa ke kan wasiƙar ɗaukarka aiki, ka tambaye shi kai tsaye wace takarda ce ta rage a fayil ɗinka, sannan ka nemi a ba ka Abschlag, wato wani kaso na albashin tun kafin ƙarshen wata. Abu ne da aka saba yi wa sababbin ma'aikata, babu kunya a ciki, sai dai ba a cika yi wa wanda bai nema ba. Idan kuɗin ya shigo ka ga ya yi ƙasa ƙwarai, ka duba ajin haraji. Wanda lambarsa ba ta iso ba ana iya jefa shi aji na shida, mafi tsada. Ana gyarawa a mayar maka da rarar.

Abubuwa biyu kuma da ke da wa'adi, tunda kana wannan ofishin. Na farko, matakin albashi a cikin rukunin aikinka ya danganta da shekarun gogewa, don haka ka kai shaidar shekarun da ka yi kana koyarwa da bincike a gida, ka nemi a duba ko za a ƙirga maka su. Na biyu, ƙarin fanshon ma'aikatan gwamnati da ake kira VBL: mai bincike mai gajeren kwantiragi irin naka yana iya neman a canja masa tsari, domin tsarin asali sai an yi shekaru ana zubi kafin a ci moriyarsa. Wata biyu ne wa'adin daga ranar kama aiki. Naka zai cika farkon Disamba, ka tambaya a makon nan.

Adadin da ke rubuce a kwantiragi kada ka faɗa wa kowa a gida. Fiye da kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a haraji da fansho da inshora kafin ya iso hannunka, kuma muddin maiɗakinka tana Najeriya, a ajin haraji na ɗaya za a lissafa ka kamar gwauro. Sai ta iso ta yi rajista za ku iya neman aji na uku da na biyar, abin da ke shigo maka ya ƙaru. 'Yan'uwa ka gaya musu gaskiya cewa ba a fara biyanka ba, kuma ba za ka yi alkawari ba sai ka kama gida. Bayan nan ka yanke adadi guda a wata ka tsaya a kai. Abin da kake aika wa iyali da iyaye ka riƙa aikawa ta banki zuwa asusun mai shi, ka ajiye shaida, domin ana iya rage maka haraji da shi idan ka cika takardar harajin shekara. Kuɗin da aka damƙa wa matafiyi a hannu ba ya shiga wannan lissafi.

Gida shi ne babban aikin da ke gabanka, kuma ka shigo a mafi munin lokaci, domin a Oktoba ɗalibai suke kwashe ɗakuna. Ka fara da neman ƙarin wa'adi a masaukin baƙi tun yanzu, a rubuce. Sannan ka je ofishin tarbar baƙin masu bincike na jami'ar, kusan kowace babbar jami'a tana da shi, kuma sukan san masu gidajen da suka saba ba wa baƙi haya. Ka kuma roƙi sakatariyar sashenku ta aika da sanarwa ga ma'aikata. Malamin da zai tafi hutun bincike na wata shida yakan bar gidansa da kayansa, irin wannan ba ya kaiwa kasuwa.

Masu gida a nan takarda suke so su gani kafin fuska. Ka haɗa fayil guda: kwafin fasfo, kwantiragin aiki, takardun albashi idan sun samu, da gajeriyar wasiƙa cikin Jamusanci mai faɗin ko kai wane ne, aikinka, da mutum nawa za su zauna. Za a tambaye ka rahoton Schufa, wato tarihin biyan bashi. Sabon zuwa ba shi da tarihi, sai ka cike giɓin da wasiƙar shugaban sashenku. Kada ka ɓoye maganar iyali don a ba ka gida, za ta dawo maka. Kuma tunda su za ka kawo, ka auna girman gidan tun yanzu: hukumar baƙi, mai ba da izinin zama, takan nemi kusan murabba'in mita 12 ga duk wanda ya kai shekara shida, 10 ga wanda bai kai ba.

A talla za ka ga farashi biyu. Ƙaramin shi ne hayar gini zalla, babban ya haɗa da ruwa da shara da ɗumama, wutar lantarki da intanet galibi kai za ka nema daban. Kuɗin jingina ba ya wuce hayar wata uku ta ƙaramin farashin, kuma doka ta ba ka damar biya kashi uku. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗi ya aiko maka da makulli, ɗan damfara ne, komai kyan hotunan. Ka tambaya ko akwai kicin a ciki, domin gidaje da yawa fanko ake bayar da su, babu murhu, babu wurin wanke-wanke, wani lokacin ko ƙwan fitila babu, sai wayoyi suna reto daga silin. Ranar karɓar makulli ku zagaya da mai gida, duk tabo da tsaga a rubuta, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa. Kana tarewa kuma sai ka sake rajistar sabon adireshin cikin kwana 14.

Wani abin da ke cinye kuɗin jinginar mutanenmu shi ne fumfuna. Sanyi yana sa mutum ya rufe tagogi ruf, ya dafa abinci, ya shanya wanki a ɗaki, sai danshi ya kwanta a bango mai sanyi, bayan 'yan makonni baƙi-baƙi ya fito a kusurwa da bayan kabad. Maganinsa a buɗe taga wangame na minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan wanka da girki, a rufe hita lokacin. Barin taga a ɗan karkace yini guda ba ya fitar da danshi, bango kawai yake sanyayawa. Lamba 3 a kan hita tana ba da kusan digiri 20, ta wadatar idan ka sa rigar sanyi. Murɗa ta zuwa 5 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, kuma kuɗin ɗumama da kake biya wata-wata ƙiyasi ne: sau ɗaya a shekara ake kawo ainihin lissafi, wanda ya wuce gona da iri ya ciko.

Ka yanki inshorar da ake kira Haftpflicht, 'yan Yuro kaɗan ce a wata, tana biya idan ka lalata wa wani kaya, ka tabbatar ta haɗa da ɓatan makullin gida da na ofis, domin makulli ɗaya ya ɓata ana iya canja na ginin duka. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi sai na tashar jirgi da gidajen mai. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a hayaniya. Tikitin Deutschlandticket, wanda ya fara a Yuro 49 a 2023 ya koma 58 a 2025, yana ɗaukarka a bas da jiragen kusa a duk ƙasar amma ban da jirage masu sauri irin ICE, kuma ka tambaya ko jami'a tana da rangwamen ma'aikata. Lasin tuƙinka na gida wata shida kawai zai yi maka aiki, bayan nan sai jarrabawar Jamus, ta rubutu da ta hanya.

Bizar da ke fasfonka tana da ranar ƙarewa. Ka miƙa buƙatar katin izinin zama ga hukumar baƙi tun da sauran makonni da yawa, ko da ba su ba ka ranar ganawa ba, ka ajiye shaidar miƙawar. Wanda ya nema kafin biza ta ƙare zamansa halal ne har a yanke hukunci, ana kuma ba da takardar wucin gadi. Amma kada ka hau jirgi zuwa gida da biza da ta ƙare ba tare da wannan takarda a hannu ba, dawowar ce za ta gagara.

Maganar abokan aiki. Rufaffiyar ƙofa a can ba ta nufin a guje ni, ƙwanƙwasawa ake yi a shiga. Doguwar gaisuwa ce ba su iya ba, kuma ba za su koya ba. Inda zumuncinsu yake shi ne cin abincin rana: wajen ƙarfe 12 'yan sashe sukan taru su tafi Mensa, kantin abincin jami'a. Ka tambayi na kusa da ofishinka ƙarfe nawa suke tafiya, ka bi su, ko da abin da za ka iya ci bai wuce kifi ko ganye ba, ko da rabin hirar da Jamusanci ake yi. A wannan teburin ake jin wanda zai bar gidansa, da kuɗin tafiya taro da ba a kashe ba. Shugabanka kuwa ba zai zo ya tambaye ka ina aka kwana ba, yana ɗauka shirunka alamar komai lafiya ne. Kai za ka nemi ganawa, ka je da abin da ka yi da abin da ya tsaya maka a rubuce. Idan ya ce wannan sashe na aikinka ba daidai ba ne a gaban mutane, aikin yake nufi, gobe zai gaishe ka kamar ba a yi ba. Wata shidan farko na gwaji ne a yawancin kwantiragi, don haka gara a ga fuskarka. Ka kuma yi rajistar ajin Jamusanci na yamma a cibiyar harsuna ta jami'a ko makarantar manya ta gari. Aikinka zai tafi da Turanci, amma mai gida da malamar ɗanka da mai gyaran famfo ba lallai ba ne.

Wani kaso na nauyin da kake ji a ƙirji duhu ne. A arewacin Jamus cikin Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ƙarfe huɗu ta faɗi. Ka fita waje da tsakar rana ko na minti ashirin ne, ko da gari ya lumshe. Ka zaɓi likitan unguwa, Hausarzt, tun kana lafiya, ka tambaye shi batun sinadarin bitamin D, wanda masu duhun fata suka fi rasawa a hunturun can. Idan rashin barci da rashin cin abinci da ƙuncin rai suka wuce mako biyu, shi za ka fara gaya wa, inshorarka tana biya. Da dare ko ƙarshen mako lambar likitan ko-ta-kwana 116117 ce, ta gaggawa 112. Daga 21 ga Disamba yini yake fara tsawo, don haka shawarar komawa gida ka ɗage ta zuwa Maris. Akwai sauƙi guda a hunturu: agogon Jamus da na Najeriya daidai suke har ƙarshen Maris, sai ka tsayar da lokaci guda kullum na kiran yara.

Gajeren yinin yana cusa Azahar da La'asar da Magariba duk cikin lokacin aiki. Ka tambaya ko jami'a tana da ɗakin nutsuwa da ake ibada a ciki, in babu, ofishinka da darduma sun isa. Bayin ofis babu ruwan tsarki, ka ajiye 'yar gora a jaka, kuma ka goge ƙasa bayan alwala, jiƙaƙƙen daɓe na daga abubuwan da ke jawo ƙorafi. Huffi yana sauƙaƙa wa mutane da yawa. Juma'a ka sanya ta a jadawalinka tun farkon zango kafin a ɗora maka darasi a lokacin. Masallacin, ko na Turkawa ne ko na Larabawa, nan za ka samu mahaucin halal da wanda zai nuna maka shagon kayan Afirka. Ranakun Sallah ba hutun gwamnati ba ne, cikin kwana 30 na hutunka za ka ɗiba. Layya kuma ka aika gida ko ka bi ta mahauci, yanka da kanka a tsakar gida laifi ne.

Iyali ka gaya musu watanni ne, ba makonni ba. Matar mai izinin zama na bincike ba a neman ta kawo shaidar jin Jamusanci kafin biza, wannan sauƙi ne babba. Inda ake daɗewa shi ne takardu: hukumomin Jamus sukan sa a bincika sahihancin takardar aure da ta haihuwa da aka bayar a Najeriya, kai za ka biya kuɗin binciken, kuma yana cin watanni. Ta fara tattara su yau, a duba cewa rubutun suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, Muhammad a nan Mohammed a can yana iya tsayar da fayil. Ga mai mace fiye da ɗaya da ke karanta wannan, ɗaya kawai doka ta yarda ta biyo shi.

Suna isowa inshorar lafiyarka ta gwamnati za ta ɗauke su ba ƙarin kuɗi muddin ba ta da albashi mai yawa, kuma ka nemi kuɗin yara, Kindergeld, wanda ya kai Yuro 255 ga kowane yaro a wata a 2025. Wata shida kawai ake biya na baya, kada ka yi jinkiri. Babban dole ne ya shiga makaranta, kuma ba a cire yaro a tafi da shi gida ana tsakiyar zango ba da izini ba. Ƙaramar ka sa sunanta a layin gidan renon yara da zarar ka san unguwar da za ku zauna, gurbi yana wuya. Ku zauna da maiɗakinka ku yi maganar tarbiyya tun kafin ta taso: dukan yaro haramun ne a dokar Jamus tun shekarar 2000, kuma malamai suna kai rahoto ga hukumar kula da yara. Ita ma a nema mata ajin Jamusanci tun makon farko, domin kai kana da ofis da Mensa, ita bango huɗu za ta tarar.

Ta taho da katin rigakafin yaran, tun Maris na 2020 sai da shaidar allurar ƙyanda ake karɓar yaro a gidan reno, makaranta ma tana nema. Kayan sanyi kada ta wahalar da kanta, na can sun fi dacewa kuma ana samun na hannu da araha. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ta bar su a gida: an hana shigo da nama da kayan madara Tarayyar Turai daga waje, a filin jirgi ake ƙwacewa, wani lokacin har da tara.